Injin da Ya Shiga Gari a Kafaɗa

In ka nufi Kukar Bille, wani ƙauye a ƙasar Tofa, ba sai ka tambayi inda rumfar Tasi'u mai walda take ba, kunnenka zai kai ka. Tun daga gindin ɗorawar da ke bakin titi za ka fara jiyo tif-tif-tif, kamar ana daka a gidan biki. Injin wuta ne na soja, ƙato, kore, fentinsa ya koɗe, yana zaune a kan dandamalin siminti sai ka ce mai gari. Duk baƙon da ya gan shi sai ya waiwaya ya dubi 'yar turbar da ya biyo, sannan ya tambaya ta ina wannan abu ya shigo. Tasi'u yakan ɗage gilashin walda daga fuskarsa ya ce, "A kafaɗa ya zo, Malam." Mutane sukan zaci wasa yake. Wallahi ba wasa ba ne.

Tasi'u shi ne na tara a wurin mahaifinsa, marigayi Malam Abdulƙadir, manomi mai koyar da karatu a zaure. Gida ne na noma gaba da baya, amma shi wannan ɗa tun yana ƙarami ba sa ga maciji da fartanya. A ba shi kunya ɗaya ya nome, sai a same shi a inuwa ya kwance kwaɗon ƙofa yana leƙen cikinsa. Ya kwance fitilar gidan, ya kwance rediyon maƙwabci, har keken liman bai tsira ba. Abin haushin kuma, in ya mayar sai abin ya fi da aiki, don haka ko dukan kirki ba ya samu. Yana da shekara goma sha bakwai ya tafi Kano, ya samu aiki a wata masaƙa. Da sharar auduga ya fara, ya koma zuba wa injuna mai, daga nan ya zama mai gyara. Shekara goma sha tara ya yi a can. Har ta kai in inji ya fara ciwo, kafin injiniya ya buɗe littafi Tasi'u ya ɗora bakin sukundireba a jikin ƙarfen, ya kafa kunne a ƙotar, ya faɗi abin da ke damunsa.

Gida kuwa sau ɗaya yake zuwa hutu a shekara, lokacin da masaƙa ke rufewa don wanke injuna, bayan an gama kaka. A lokacin an kwashe amfani, an sare kara, gonaki duk sun zama fili fetal, mota tana ratsa su har ƙofar gida. Haka Tasi'u ya san garinsu. In ma ta'aziyya ta kawo shi da damina, a ƙafa yake shigowa, kai a sunkuye, wa yake ta auna hanya?

Duk zuwan da zai yi yakan zo da burodi da sukari, ya kuma ware wani abu ya miƙa wa wansa Muntaka, wanda ke riƙe da gonar gado, ya ce a sayi goron gayya a madadinsa. Gayya dai kowa ya sani, yau a taru a nome gonarka, gobe ka je ta wani. Muntaka mutum ne mai tsadar magana, in ya yi maka jimla uku a yini to ranar yana cikin nishaɗi. Yakan karɓi burodin, ya tura masa kuɗin baya. Sau ɗaya tak ya ba da dalili, ya ce, "Gayya ba ta karɓar aike, Tasi'u." Maganar nan ta tsaya wa Tasi'u a rai. Ya ɗauka Yaya yana jin haushinsa, ya gudu ya bar shi da rana da ƙasa, kuma gaskiya bai ga laifinsa ba.

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda har yau in tsofaffi za su ambace su sai sun girgiza kai. Sabulu sai an yi layi, madara sai an yi layi, taki kuwa sai wanda ya san wani. Masaƙa ta rasa kayan gyara, aiki ya koma rabi, daga nan aka wayi gari an manna takardar sunaye a bango. Tasi'u ya bi da yatsa, ya ga sunansa na goma sha biyu. Aka ce su ƙarasa wata huɗu a sallame su.

Wasu sun yi kuka a bakin ƙofar masaƙa, ba na ganin laifinsu. Shi Tasi'u tunani ya shiga. Ya lura a irin wannan zamani ba mai sayen sabo, kowa gyara yake nema. Masu noman rani na Watari har Kano suke ɗauko injin ban-ruwa in ƙafarsa ta tsage. Masu shanun huɗa na wajen Kunci haka suke wahala da garma. Amalanke, keke, ƙofar ƙarfe, duk suna neman walda, kuma duk faɗin yankin ba mai yi. Ya zauna da hannunsa ya naɗa injin walda da tsohuwar wayar tagulla. Da bazara ya kwashi matarsa Rahmatu da yara ya kai su gida, a-kori-kura ta sauke su har bakin zaure. Ya kafa rumfar kwano a filin da ya gada kusa da 'yar kasuwar garin, ya zuba dandamalin siminti, ya koma birni ya ƙarasa kwanakinsa. Saura abu ɗaya, wuta. Kukar Bille ba ta taɓa ganin turken lantarki ba.

Ranar da aka ba shi kuɗin sallama, tsakiyar damina ce. Bai ko biya ta masauki ba, ya zarce wurin Kofur Basiru. Shi Kofur tsohon soja ne da ya yi ritaya, yana sayen kayan da sojoji suka yi gwanjonsu yana sayarwa a wani kango bayan tasha. Kangon nan ba abin da babu: matattun motoci, gadajen ƙarfe, tantuna, tukwanen da mutum zai iya wanka a ciki. A can kusurwa ga injinan wuta uku masu shan man gas, kowanne a ɗaure kan 'yar kurarsa ta ƙarfe mai taya biyu.

Kofur ya ja shi wurin wanda aka yi wa sabon fenti, yana ta sheƙi. Ya ce, "Ga naka, Malam. Wannan ko Janar ya gani sai ya sara masa."

Tasi'u ya ce a tayar. Aka tayar. Ya zaro sukundirebarsa daga aljihu, ya ɗora, ya kafa kunne, ya lumshe ido. Can ya ɗago ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan yana da ciwon ƙirji. Ba zai kai baɗi ba."

Kofur ya ɓata rai ya ce, "Likita ne kai?"

"Na ƙarfe," in ji Tasi'u.

Na biyu ko tashi bai yi ba. Na uku shi ne mafi muni, ya yi ƙura, gefensa ya lotsa, wata kaza ma ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa. Sai da aka kori kazar, tana ta masifa, sannan aka tayar. Tasi'u ya saurara, ya daɗe yana saurare. Ya murza baƙin man a tsakanin yatsu, ya shinshina. Ya kara farin hankicinsa a bakin salansa ya duba. Ya sa aka jona masa kaya masu jan wuta ya ga ko muryar za ta sauya, ba ta sauya ba. Zuciyarsa ta yi fari tas, amma ya tamke fuska kamar an ba shi magani mai ɗaci, don kada Kofur ya gane. Ina! Kofur ya riga ya gane. Aka shiga ciniki tun azahar, wannan ya taya, wancan ya ce albarka, Tasi'u ya yi fushin ƙarya ya kai bakin ƙofa har sau biyu ana dawo da shi. Sai bayan la'asar Kofur ya ce ya sallama, ya ƙara masa da tsohon tamfol a matsayin gyara. Abin da ya rage a aljihun Tasi'u bai wuce na mota da jarkar mai ɗaya ba. Guminsa na shekara goma sha tara ya koma ƙarfe kore.

Da ana ɗaura kurar a bayan a-kori-kura washegari, Kofur ya ce, "Af, akwai dai hanya har gidan ko?"

Tasi'u ya yi dariya ya ce, "Har ƙofar ɗaki!"

Mutumin da ya duba mai, ya duba hayaƙi, ya saurari numfashin inji kamar ungozoma, abu ɗaya ne bai duba ba. Da suka iso gindin ɗorawa direba ya taka birki ya ce, "To, ina hanyar?" Tasi'u ya miƙa hannu zai nuna, hannun ya tsaya a sama. Gero ne ko'ina, ya fi tsayin mutum, ya yi ciki, kore shar. A tsakiya ga wata 'yar turba siririya, wadda jaki da mangala ma sai ya yi dabara. Burtalin da ya sani yana yaro, wanda shanun Fulani ke bi uku-uku, babu shi. A shekarun nan na wahala kowa ya riƙa ƙara kunya ɗaya daga gefensa, bana ɗaya, baɗi ɗaya, har aka cinye shi. Ba wanda ya yi da mugunta, bakuna ne suka yi yawa, ƙasa kuma ba ta ƙaruwa.

Direba ya leƙa, ya yi tsaki, ya kwance kurar ya yi gaba. Aka bar Tasi'u da injinsa a bakin titi, tsakaninsa da rumfarsa tafiyar minti ashirin da gonakin mutum goma sha ɗaya. Kuma ba wannan ne ya fi tayar masa da hankali ba. Gindin ɗorawar nan kwari ne. Duk ɗan garin ya san in aka yi ruwa mai ƙarfi na marka, wurin tafki yake zama, ruwa har cinya. In ruwa ya shiga naɗin wayar injin nan, shi ke nan, sai dai a sayar wa masu gwangwan. Kwana uku ke nan ba a yi ruwa ba, abin da ke nufin yana hanya.

Dabarar farko da ta zo masa ita ce ta ɗan birni. Ya ce zai roƙi masu gonakin kowa ya yafe kunya ɗaya, a sare, kura ta wuce, in ya fara aiki ya biya su. Gonar farko, kuma mafi tsawo a bakin turbar, ta Inna Safara'u ce, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, take noma da kanta tana riƙon jikoki. Ya same ta tana cire ciyawa, ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi bayani tiryan-tiryan.

Ta miƙe, ta riƙe ƙugu, ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ce, "Ɗan nan, geron da ya yi ciki za ka sare?"

"Kunya ɗaya ce kawai, Inna. Zan biya."

"Ka biya ni da me? Takarda zan dafa wa yaran? Ka san dami nawa ke fita a wannan kunya ɗayar da kake rainawa? Je ka tambayi kasuwa ko akwai geron sayarwa bana." Ta sunkuya ta ci gaba da aikinta, ta ƙara da cewa, "Na ga dai birni ya cinye maka hankali, Allah ya jiƙan Malam Abdulƙadir."

Tasi'u ya tashi ya tafi, bai ko je gona ta biyu ba. Kuma ni dai a nan ina bayan Inna. Ya yi tunanin a sauke injin a ja da shanun huɗa, sai ya tuna shanu biyu a karkiya sun fi turbar faɗi. Ya yi tunanin jira har a yi girbi, amma saura sati shida, sama kuma ba za ta jira shi ba. Ya koma ya lulluɓe injin da tamfol, ya zauna a kan tayar kurar ya yi tagumi. Masu wucewa a keke suna yi masa sannu, wasu suna tambaya ko soja ne za su kafa sansani.

Wajen la'asar sai ga Muntaka, fartanya a kafaɗa. Bai yi masa jaje ba, bai yi masa dariya ba. Ya ɗage tamfol, ya zaga injin sau biyu, ya ce, "Yana sauka daga kan ƙafafun nan?"

"Yana sauka, Yaya. Ƙusa takwas ce."

Muntaka ya auna faɗin injin da damtsensa, kamu biyu. Ya je bakin turba ya auna, kamu biyu da ɗan tafi. Ya dawo ya ce, "Yadda ake ɗaukar jinkar rumbu. Azara biyu dogaye, igiya, maza a gaba, maza a baya. Ka kira gayya jibi." Ya saɓa fartanyarsa ya tafi. Ranar dai ya yi magana da yawa.

Tasi'u ya ji kamar an ɗora masa injin a ƙirji. Gayya? Shi? Da wane ido? Shekara goma sha tara ana gayya a garin nan, ta noma, ta girbi, ta yaɓen ɗaki, ko sau ɗaya ba a ga ƙeyarsa ba. Kuma yanzu lokacin maimai ne, wato noma na biyu, kowa yana tsere da ciyawa a gonarsa. Ya zaci ma Yaya ya faɗa ne don ya ɗanɗana masa abin da ya shuka.

Da ya shiga gida ya gaya wa Rahmatu, ita dariya ma ta yi. Ta ce, "Malam, kai da kake tsayawa gaban manaja ka ce masa injinsa zai mutu gobe, ƙofar gidan maƙwabta ce ta gagare ka? In sun ƙi, sun ƙi. Ni dai zan jiƙa gero." Kafin ya ba ta amsa har ta jawo ƙwarya.

Washegari ya sayi goro da ɗan canjin da ya rage, ya bi gari zaure-zaure. Nauyin abin ya sa ko ido ba ya iya haɗawa da mutane. Kowa ya karɓi goro ya ce, "To, Allah ya kai mu." Ba wanda ya ce zai zo, ba wanda ya ce ba zai zo ba. Ya je wa Sarkin Noma Sama'ilu, dattijon da ke tsara kowace gayya a garin, shi ma abin da ya ce ke nan, yana ta gyaran ƙotar gatari. Tasi'u ya iya karanta muryar inji, amma fuskar mutanen garinsu ta gagare shi.

Ranar Alhamis yana idar da sallar asuba ya tafi gindin ɗorawa, ya kwance ƙusoshin nan takwas, ya zauna. Gari ya waye, ba kowa. Rana ta ɗaga, ba kowa. A gabas kuwa hadari ya fara haɗa gira, baƙi ƙirin, iska ta ɗauke ɗif. Hantsi ya yi. Tasi'u ya dafa injin ya ce a ransa, to, haka Allah ya so, kuma ni na jawo. Har ya fara tunanin ko zai iya kwance naɗin wayar shi kaɗai ya tsira da ita a ka.

Sai ya ji ganga. Da farko ya zaci tsawa ce daga nesa. Ya miƙe tsaye, sai ya hango kawunan azara biyu suna tafe a saman gero, kamar su kaɗai suke tafiya. Can sai ga mutane suna ɓullowa daga turbar ɗaya bayan ɗaya, kowa ƙafarsa da taɓon gona, don sai da suka fara rage aikin safe. Ya ƙirga har ashirin da shida ya daina, saboda idonsa ya cika. Muntaka ne na ƙarshe, da nannaɗen igiyar rama a wuya.

Sarkin Noma bai tsaya dogon gaisuwa ba. Aka zura azara ta ƙarƙashin injin, aka ɗaure tamau, maza takwas a gaba, takwas a baya, saura suna biye don canji. Kowa ya naɗe rigarsa ya yi gammo a kafaɗa. Sarkin Noma ya ce, "Da sunan Allah, ɗaya, biyu!" Aka ce "Yawwa!" gaba ɗaya, injin soja ya tashi sama yana lilo. Wani daga baya ya ce, "Kai! Tasi'u, da sojojin a ciki ka sayo shi?" Dariya ta kusa sa a sake shi.

Ba su yi taku goma ba sai ga Inna Safara'u ta fito daga cikin geronta da sanda. Ta shiga gabansu tana tafiya da baya-baya, tana nuna ƙafafunsu. "Duk wanda ya karya min kara ɗaya, shi da Allah! Kai mai jar hula, matsa hagu! Hagu na ce!" Haka ta ja ragamar maza goma sha shida har ƙarshen gonarta, kuma da aka fita ba ta koma ba, ta ce ai sauran gonakin ma na mutane ne. Makaɗi yana gefe yana kiran sunan kowa da na kakansa. In aka gaji Sarkin Noma ya ce a dire, a sauke a kan turba, a canja kafaɗa.

Tasi'u ya rantse shi ma sai ya ɗauka. Aka ba shi wuri a bayan Muntaka. Kafaɗar da ta shekara goma sha tara ba ta ɗauki abin da ya fi jakar sifana ba, kafin gona biyu ta saluɓe. Ya ciji leɓe, ya ƙi a canje shi. Yana kallon bayan wansa, ya ga yadda ya fara ranƙwafawa, ya ga furfura a ƙeyarsa, abin da bai taɓa lura da shi ba.

Suna gona ta tara iska ta taso, gero ya fara kwanciya yana tashi. A ta goma ɗigon farko ya faɗo a kan tamfol. Sarkin Noma ya daka tsawa ya ce ba sauran direwa. Makaɗi ya ƙara wuta, Inna Safara'u ta tattare zani ta yi gefe, maza suka shiga sassarfa suna nishi. Suna dire shi a kan dandamali, ko igiya ba a kwance ba, sama ta ɓalle. Ruwa ne kamar da bakin ƙwarya. Daga baya da aka je ɗauko kurar da aka bari a gindin ɗorawa, saman tayoyinta kawai ake gani.

Aka cunkushe a rumfa, ruwa yana dukan kwano, Rahmatu ta aiko da kunu mai zafi a manyan ƙore, ludayi yana zagayawa. Tasi'u ya miƙe zai yi godiya. Ya ce, "Jama'a, ban san abin da zan ce ba. Ni ban taɓa zuwar wa kowa gayya ba a cikinku, ko sau ɗaya. Amma kuka bar gonakinku..."

Sarkin Noma ya sauke ludayi daga baki ya ce, "Wa ya ce ba ka zuwa?"

Tasi'u ya juya ya dube shi.

"Gonata ka zo ya fi sau goma. Ta wannan ma ka je, da ta wancan." Dattijon ya dubi Muntaka, ya dubi Tasi'u, ya ce, "Au, bai taɓa gaya maka ba? Tun shekarar da ka tafi, duk gayyar da za a yi, in kowa ya kama kunyarsa ya kai ƙarshe, wanka sai ya juyo ya kama ta biyu. In na ce ta wa, ya ce ta Tasi'u. Muna inuwa muna shan fura, shi yana rana yana nome taka. Tun muna yi masa tsiya har muka saba. Yau shekara goma sha tara, bai tsallake ko ɗaya ba. To don me ba za mu zo ba?"

Tasi'u ya juya wurin wansa, hawaye yana zuba, bai ko damu da gogewa ba. Ya ce, "Yaya, ai kai ka ce min gayya ba ta karɓar aike."

Muntaka yana ta fama da ƙullin igiya, bai ɗago ba. Ya ce, "Na kuɗi na ce." Ya ja igiyar ta warware, ya ƙara da cewa, "Ka tayar mana da abin mu ji, ko mun ɗauko gawa ne."

Aka tayar. Bugu ɗaya ya kama, tif-tif-tif, ƙwan lantarkin da Tasi'u ya rataya a rumfa ya kawo haske da rana tsaka. Aka yi ta kabbara da shewa, Inna Safara'u ta toshe kunne ta ce wannan abu zai hana kajinta yin ƙwai. Ita ce kuma ta fara kawo aiki washegari, wata tsohuwar tukunyar ƙarfe mai ɗigo.

Sana'a ta karɓi Tasi'u. Bai yi kuɗin a-zo-a-gani ba, amma ya ci, ya ciyar, ya aurar da 'ya'yansa da tartsatsin walda. Daga Watari ake zuwa, daga Kunci ake zuwa, injin Kofur kuwa sau biyu kawai aka taɓa buɗe cikinsa. Yanzu shi ma Tasi'u furfura ta gama masa kai. Sai dai akwai ranakun da za ka zo gindin ɗorawa ka kasa kunne ka ji shiru. Kada ka zaci injin ya lalace ko mai ya ƙare, kuma kada ka ɓata lokacinka zuwa rumfa, ko garmar wa ka ɗauko. Ana gayya ne.

Je ka gonar, za ka same shi. Ba shi da wuyar ganewa, shi ne wanda kunyarsa ta fi ta kowa karkacewa, shi ne kuma na ƙarshen kaiwa gaci, har yau fartanya ba ta gama yafe masa ba. Samari suna inuwa suna shan fura suna yi masa tsiya. A gefe ga Muntaka zaune a gindin bishiya, baya ya ranƙwafe, shekaru ke nan ba ya iya sunkuyawa, yana nuna shi da sanda yana cewa ya bar ciyawa a baya. In Tasi'u ya kai ƙarshe sai ya miƙe, ya dafa ƙugu, ya share gumi, ya juyo ya kama ta biyu. Sarkin Noma na yanzu ya san amsar sarai, amma sai ya ɗaga murya ya tambaya, ta wa?

Tasi'u ya ce, "Ta Yaya Muntaka."